Shayi Mai Kauri Da Ƙugin Ciki: Wace Madara Ce Ke Yi Maka, Wacce Ce Ba Ta Yi?

Duk ɗalibin da ke zaune a Samaru ko Sabon Gari ya san tsarin karin kumallonmu: teburin mai shayi, biredi, ƙwai in aljihu ya yarda, sai kofi mai kauri wanda cokali ke neman tsayawa a cikinsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ke biyo baya. Wajen ƙarfe tara, malami na tsakiyar bayani, sai cikin wani ya kama ƙugi kamar tsohon janareto, ya kumbura, ya murɗa, mutum na gumi yana lissafin nisan ban-ɗaki. Da yamma a nufi kemis a ce "a ba ni Flagyl". Wani ya ce olsa ce, wani ya ce taifot, wani kuma ya ɗora wa basir. Da yawa daga cikin masu wannan fama babu ko ɗaya daga ciki da ke damunsu. Madarar da suka sha ce hanjinsu ya kasa gamawa da ita. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, yawancinsu za su sha fura da kindirmo da rana su kwana lafiya lau. To me ya bambanta, alhali duk daga saniya suka fito?

A cikin kowace madara ta dabba akwai wani sukari da masana ke kira laktos. Mu kira shi sukarin madara don sauƙi. Ba irin na kanti ba ne, zaƙinsa kaɗan ne, shi ya sa ba a lura da shi. Ƙwayoyin sukari biyu ne manne da juna, kuma jini ba ya karɓar su sai an raba su. Mai rabawar wani sinadari ne da bangon ƙaramin hanji ke samarwa, sunansa laktes. Harafi ɗaya ya raba sunayen biyu, don haka ka ɗauki na biyun a matsayin almakashi. Kusan kowane jariri yana zuwa duniya da wannan almakashi da kaifinsa, dole ma, tunda nonon uwa ya fi na saniya sukari: wajen giram 7 a kowane giram 100, na saniya kuwa bai kai giram 5 ba. Bayan yaye sai jiki ya fara rage samar da shi a hankali. Haka abin yake ga maraƙi da ɗan akuya, haka yake ga wajen kashi biyu cikin uku na mutanen duniya.

Idan almakashin ya yi kaɗan, sukarin sai ya wuce ƙaramin hanji ba a taɓa shi ba, ya faɗa babban hanji. Can abu biyu ke faruwa. Sukarin yana jawo ruwa zuwa cikin hanji, wannan ke kawo tsinkewar ciki. Sannan ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a wurin su far masa da ci, suna fitar da iska, wannan ke kawo kumburi da ƙugi da abin nan da ba a so ya kuɓuce a aji. Yawanci daga minti 30 zuwa awa 2 bayan an sha ake fara ji. Ka lissafa: shayi ƙarfe bakwai da rabi, rikici ƙarfe tara. Daidai wa daida.

Wannan magana a Najeriya ma aka yi ɗaya daga cikin sanannun binciken da aka kafa ta a kai. A 1971 wani likita Ba'amurke, Norman Kretchmer, tare da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, da abokan aikinsu, suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa ƙabilun ƙasar nan a mujallar likitoci ta Lancet. Sun ba mutane sukarin madara suka duba ko ya shiga jini. A cikin Yarbawa da Ibo kusan kowa ya kasa narkar da shi bayan shekarun yaye. A cikin Fulani makiyaya kuwa wajen mutum ɗaya ne cikin biyar ya kasa. Hausawa da Fulanin gida, wato yawancin masu karanta wannan mujalla, sun faɗo tsakiya amma sun fi karkata ga na farko: wajen uku cikin huɗu ba sa narkarwa sosai. Ke nan in kuna zaune ku huɗu a teburin mai shayi, wanda hanjinsa ke gamawa da madara tsaf shi ne bare a cikinku.

Dalilin gado ne. Al'ummomin da suka yi dubban shekaru suna kiwo suna shan madara, a cikinsu ne aka sami wani ɗan canji a ƙwayar halitta da ke hana jiki kashe almakashin bayan yaye. Masu bincike a Finlan suka gano irin canjin da ke jikin Turawan arewa a 2002, daga baya aka tarar da shi ɗin dai a jikin Fulanin Kamaru da Burkina Faso. Makiyayan Kenya da Tanzaniya kuma nasu canjin daban ne, amma aiki ɗaya yake yi. Don haka abokinka Bafulatani da ke ɗaga gwangwani ya shanye a tsaye yana maka dariya, ba jarumta ya fi ka ba, kakanni ya gada. Kuma ba kowane mai cewa shi Bafulatani ne ya gada ba, an sha auratayya.

Yanzu ga inda maganar take da amfani. Rashin almakashi ba ya nufin ko ɗigo ba za ka iya sha ba. A 2010 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba binciken da aka tara, ta ce mafi yawan masu wannan matsala suna ɗaukar giram 12 na sukarin madara a zama ɗaya ba tare da wata damuwa ta a-zo-a-gani ba. Giram 12 shi ne abin da ke cikin kofi guda na madarar shanu, wajen mililita 250. Wasu ba sa kai haka, wasu suna wucewa. Tambayar da ta dace ke nan ita ce: giram nawa ke cikin abin da na sha, kuma a cikin minti nawa ya isa hanjina?

Mu fara da wadda muka fi sha, madarar gari. Ita madara ce da aka busar da ruwanta, komai ya tattaru wuri guda. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinta sukarin madara ne, wajen giram 37 a giram 100. Wadda aka cire wa mai kafin a busar tana kai rabi. Ƙaramar ledar nan da muke saye a kanti, mai wajen giram 14, tana ɗauke da kamar giram 5. Guda ɗaya a kofi ba za ta tayar wa yawancin mutane hankali ba. Amma wa ke tsayawa a ɗaya? Mai shayi in ka ce "a yi kauri", cokali uku ko huɗu masu tozo zai zuba, kowane cokali giram 3 zuwa 4 na sukarin, ya ɗora Milo ko Bournvita, su ma akwai garin madara a cikinsu. Kafin ka ankara ka tsallake giram 12 a kofi ɗaya, a kan ciki wayam, kuma ruwa ne mai saurin wucewa. Haka masu shan garin kwaki da dare da leda uku, da 'yan'uwa mata masu lasar garin madara a tafin hannu suna karatu.

Akwai masu cewa ai madara mai araha ba ta gaske ba ce, don haka ba ta da wannan matsala. Gaskiya ne da yawa daga cikin na leda an cire man shanun an mayar da man itatuwa a gurbinsa, kuma suna rubuta hakan a jiki. Amma mai kawai aka canja. Sukarin na nan daram.

Madarar gwangwani, irin su Peak da Three Crowns, an ƙafe fiye da rabin ruwanta ne, don haka sukarinta ya ninka na madarar da aka tatso: wajen giram 10 a giram 100. Wanda ya juye gwangwani guda a kofi ya kai ma'aunin nan ko ya haura. Mai kaurin nan mai zaƙi da ake shafawa a biredi ita ma tana nan wajen ko sama kaɗan, ga sukarin kanti da aka tula mata.

To ina batun furar? A nan ne mutane ke yin kuskuren fassara. Sai ka ji an ce madarar Turawa ce ke ɓata ciki, ta shanunmu ba ta yi. Ba saniyar ba ce. A cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, nan kusa da Samaru, an daɗe ana haɗa farar saniyar Fulani, Bunaji, da Firiziyan ta Turai don a ƙara yawan tatsa. Yawan madara na canjawa daga iri zuwa iri, mai ma na canjawa, amma sukarin madara shi ne abin da ya fi kowane tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya je ruga aka ba shi madara sabuwar tatsa cike da ƙwarya, in ba shi da almakashi, zai ji a jikinsa kamar yadda zai ji da ta gwangwani.

Bambancin yana cikin kwanan da nonon ya yi. Mai kindirmo takan dafa madara, ta bar ta ta huce, ta zuba ɗan tsohon nono a ciki, ta rufe ƙwarya da faifai har gari ya waye. A cikin daren nan bakteriya masu amfani suna cin sukarin suna mayar da shi tsami. Ba sa cinye shi duka, wajen kashi ɗaya cikin huɗu suke ragewa, kuma yadda tsamin ya ƙaru haka sukarin ke raguwa. Amma babban aikinsu na gaba ne. Su kansu ƙwayoyin suna ɗauke da irin almakashin da ka rasa, kuma in ka sha su da rai suna bin nonon har ƙaramin hanji, su taya ka yanka ragowar. Hukumar Turan nan ta amince da wannan game da yogot mai rayayyun ƙwayoyi. Ga kuma kauri: abu mai kauri ba ya barin tumbi da sauri, yana sauka kaɗan-kaɗan, ɗan almakashin da ya rage maka ya samu sararin aiki. In an dama da fura, geron ya ƙara rage gudun. Ni a ganina, duk abin da kamfanoni ke tallatawa, babu haɗin da ya dace da cikin Bahaushe kamar wannan. Kakanninmu ba su san sunan laktos ba, rashin firij ne ya sa madara ba ta isa kasuwa sai ta yi tsami, amma abin ya zo daidai da hanjinsu.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko, kindirmo bai zama ruwa ba. Har yanzu akwai giram 3 zuwa 4 a kowane giram 100, don haka wanda ya share babbar roba shi kaɗai zai iya jin ƙugi. Na biyu, ba duk abin da ke cikin ƙwarya ba ne daga ruga ya fito. Da rani, lokacin da shanu suka yi kudu tatsa ta ja baya, wasu masu sayarwa da madarar buhu suke haɗa nasu. In an bar shi ya kwana ya yi tsami sosai, to ya zama nono, babu laifi. In kuwa an gaggauta, an kaurara shi da wani abu kafin ƙwayoyin su yi aiki, madarar gari ka sha da sunan kindirmo. Harshenka zai gaya maka: wanda ba tsami sai zaƙi-zaƙi, a yi masa kaɗan. Tsala kuma, wato nonon da aka kaɗe aka cire mai, sau da yawa ana ƙara masa ruwa. Ruwan yana rage sukarin da ke cikin kowane ludayi, amma tambayar ita ce daga ina aka ɗebo shi. Za mu dawo kan wannan.

Yogot na kanti iri biyu ne, ko da yake duk suna ɗaya aka rubuta. Akwai na firij wanda in ya kwana biyu a waje zai kumbura robarsa. Wannan yana da rai, yana yin aikin kindirmo. Akwai kuma na kwali da ke zaune wata da watanni a kan kanta a kasuwar Sabon Gari cikin zafin Maris bai lalace ba. Dalilin da ya sa bai lalace ba shi ne an dafa shi bayan ya yi tsami, ƙwayoyin sun mutu. Sukarinsa ya ɗan ragu, amma mai taya ka yanka babu. Ba wai ba shi da kyau ba ne, kawai kada ka sa ran zai yi maka sauƙin da na firij ke yi. Lemukan madara masu ɗanɗanon 'ya'yan itace da askirim kuwa, lissafinsu na madarar gari ne.

Man shanu ba shi da matsala, kusan duk mai ne, wanda aka soya ma sukarin da ke ciki bai kai a ambata ba. Cuku ma da sauƙi, domin idan madara ta daskare aka tsiyaye ruwan, yawancin sukarin ruwan yake bi.

Nonon akuya da na raƙumi fa? Na raƙumi ya yi suna a 'yan shekarun nan, ana kawo shi a gora ana cewa maganin kaza da kaza. Bar batun magani, wannan wani zance ne. Ta fuskar sukarin madara dai, na akuya da na raƙumi duk suna da giram 4 da wani abu a giram 100, tazararsu da na saniya ba ta taka kara ta karya ba. Wanda kofin madarar shanu ke kayarwa, kada ya kashe kuɗin handawut a kan gorar raƙumi yana tsammanin tsira. Haka zancen cewa ɗanyar madara da ba a dafa ba ta fi sauƙi a ciki. An gwada wannan a jami'ar Stanford ta Amurka, aka buga sakamakon a 2014: babu wani sauƙi da ta ba masu matsalar fiye da dafaffiya. Abin da ɗanya ke iya ba ka shi ne cutar burusela ko tarin fuka na shanu. Tafasawa kuma tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa sukarin, don haka "ai na tafasa" ba hujja ba ce.

Sai waɗanda muke kira madara alhali ba daga dabba suka fito ba. Madarar waken suya ba ta da sukarin madara ko kaɗan, kuma ita ce ta fi kusa da ta shanu wajen sinadarin gina jiki. Waken ma ba baƙo ba ne a nan, cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar da irinsa masu suna Samsoy tun da daɗewa, awara kuwa ba unguwar da ba a soyawa. Amma wake wake ne, yana da nasa sukarin da hanji ba ya narkarwa, shi ya sa wasu ke kumbura da ita su ce "ashe ita ma". Dalilin daban ne, kuma yawanci bai kai na madara tsanani ba. Kunun aya shi ma babu laktos a cikinsa, sai in mai yi ta ƙara madara don ya yi gardi, kuma wasu suna ƙarawa, don haka a tambaya. Yana da daɗi da sanyi, amma ba ya cike gurbin madara a jiki, ga saurin lalacewa in wuta ta ɗauke. Akwai kuma madarar shanu da kamfani ya riga ya zuba wa almakashin, an yanka sukarin tun a kwali, har takan fi ta kullum zaƙi. Manyan kantunan birane ne ke kawo ta, farashinta kuma ba na ɗalibi ba ne.

Abin da ya sa ban goyi bayan a bar madara gaba ɗaya ba shi ne kalsiyam, sinadarin ƙashi da haƙori. Kofi ɗaya na madara yana ba da wajen miligiram 300, kuma shekarunmu na ashirin ɗin nan su ne na ƙarshe da ƙashi ke tara ƙarfinsa. Ɗalibin da abincinsa indomi ne da biredi, in ya cire madara bai sa komai a gurbinta ba, ya yi asara. Zogale, miyar kuka, riɗi da kifin gwangwani da ake ci da ƙashinsa suna taimakawa. Amma hanya mafi sauƙi ita ce a rarraba: cokali ɗaya ko biyu a shayin safe, a fara cin biredin kafin a kurɓa, kindirmo da rana. An kuma lura cewa wanda ke shan kaɗan kullum, bakteriyar babban hanjinsa suna sabawa, iskar tana raguwa bayan kwanaki. Wanda ya yi wata bai sha ba ya zo ya narka mai kauri rana ɗaya, shi ya fi shan wuya.

Yadda za ka gane ko kana ciki ba ya buƙatar kuɗi. Ka ɗauke madara da duk abin da aka yi da ita na mako biyu, har da Milo da askirim. In cikin ya kwanta, ka zaɓi ranar da ba lakca, ka sha kofi guda da safe ka zauna kusa da gida. In ƙugin ya dawo cikin awa biyu, ka samu amsa. Kada dai a yi wannan gwaji a makon jarrabawa. A tuna kuma, wanda ya tashi daga gudawa mai tsanani yakan rasa almakashinsa na ɗan lokaci saboda bangon hanji ya ƙuje, bayan 'yan makonni ya dawo daidai. Shi ba sai ya yanke wa kansa hukuncin har abada ba.

Na ce za mu dawo kan ruwan nono. Sukarin madara ba ya kawo zazzaɓi, ba ya kawo jini a bayan gida, ba ya sa mutum ya rame, kuma da wuya ya kai ga amai ba ƙaƙƙautawa. In ka sha nono ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, musamman in ku uku kuka sha ku uku kuka kwanta, ƙwayar cuta ce ta shiga ta ruwa ko hannu ko ludayi, asibitin makaranta za ka nufa. Flagyl ɗin da ake sha barkatai kuwa ba ya yi wa sukarin madara komai, sai dai ya kashe wasu daga cikin bakteriyar hanjin da kake buƙata. Akwai kuma wata matsalar dabam da ake rikita ta da wannan: wanda jikinsa ke yaƙi da sinadarin gina jiki na cikin madara. Alamarsa ƙaiƙayi, ƙuraje masu tashi rudu-rudu, kumburin leɓe ko fuska, numfashi na sarƙewa cikin mintoci. Wannan ba ruwansa da yawan cokali, kindirmo da cuku da nonon akuya duk suna iya tayar masa. In ka ga haka a jikin abokin ɗakinka, ku tari Keke Napep zuwa asibiti mafi kusa nan take, in abin ya yi tsanani a wuce asibitin koyarwa na Shika.